Yadda Na So Sayar wa Turawa Iskar Gonar Kakanmu

Tun daga ranar 29 ga Mayu, 2023, da aka ce tallafin man fetur ya tafi, duk mai gidan burodi a Kano ya koma malamin lissafi ƙarfi da yaji. Fulawa dama tun farkon yaƙin Rasha da Yukiren take hawa, sukari ya bi ta, man gas na janareta ya bi su, sai kuma itace, da muke ɗauka abin banza, shi ma ya ce ba za a bar shi a baya ba. Muka rage girman burodi har masu shayi suka fara tambaya ko sabon samfuri ne. Muka ƙara yis don ya kumbura ya rufa mana asiri. Mutumin da ke cikin wannan hali, in aka ce masa akwai kasuwar da ake biyan dala a kan iska, ba ya tsayawa tambayar wace iska.

Labarin ya same ni ne a wani taron bita da aka shirya wa masu ƙananan masana'antu a wani otal. Kuɗin mota da shinkafar rana ne suka kai ni, ba kishin muhalli ba. Mai jawabin wani matashi ne mai gilashi, sanye da kwat a tsakiyar bazara, abin da ya tabbatar mini cewa ɗumamar yanayi ba ta dame shi a karan kansa ba. Amma ya iya bayani. Ya ce manyan kamfanonin duniya, na jiragen sama da na mai da na kwamfuta, sun yi alkawarin rage hayaƙin da ke ɗumama duniya. Wani hayaƙin kuwa ba ya raguwa, tunda jirgi ba ya tashi da ruwan rijiya. Sai su nemi wani a wata ƙasa wanda ya hana hayaƙi tashi, ko ya raini bishiyar da ke zuƙe shi, su biya shi, ya ba su takarda, su rubuta a littafinsu cewa nasu ya goge. Kowace takarda tana tsaye ne a matsayin tan 1 na iskar kabon. Ya ce abin ya samo asali daga yarjejeniyar Kyoto ta 1997, yarjejeniyar Paris ta 2015 ta sake ba shi gurbi a sashe na 6, sannan a taron sauyin yanayi da aka yi a Masar a 2022 an ƙaddamar da shirin kasuwar kabon na Afirka, da burin nahiyar ta riƙa fitar da takarda miliyan 300 duk shekara nan da 2030. Akwai kuma wata takardar daban ta wutar lantarki: duk wanda ya samar da megawat 1 na awa guda daga rana ko iska ko ruwa, yana iya sayar da shaidar hakan ga kamfanin da ke son ya ce da tsabtatacciyar wuta yake aiki.

Daga nan ya haska wani zane a bango, ya ce a Turai farashin tan ɗaya ya taɓa Yuro 100 a watan Fabrairun 2023. An gaya mini daga baya cewa ya ci gaba da bayani, wai waccan kasuwar ta hukuma ce, ta masana'antun Turai kaɗai, ba ta karɓar takardun bishiyar kowa, kuma a kasuwar ganin dama wadda ta shafe mu, farashin sau da yawa daloli kaɗan ne. Ni ban ji wannan ba. Ina can ƙarƙashin tebur ina buga kalkuleta.

Dalili kuwa, muna da gonar gado a ƙauyenmu, wadda kakanmu ya bari kuma har yau ba a raba ba. A cikinta akwai gawo manya-manya, akwai ɗorawa, akwai tsamiya, akwai wata kuka da mutum biyar ba sa zagaye ta da hannu, ga darbejiya jere a bakin shinge. A kan rufin gidan burodina kuma ga farantan sola da na kafa don fitilu da fanka. Ashe duk shekarun nan zaune nake a kan dukiya ina kukan tsadar fulawa. Kafin a raba shinkafa na riga na biya kujerar Makka biyu, na sauya mota, na ajiye ragowa don gyaran soro.

Da daddare na zayyana wa uwargida komai. Ta saurara har na gama, sannan ta ce, “Malam, bari in ga ko na gane. Likita ne ya hana wani Alhaji mai teɓa cin nama. Sai Alhaji ya kira maigadinsa, wanda dama naman ba ya isowa gare shi, ya ba shi kuɗi ya ce kada ya ci. Shi ke nan Alhaji ya rame?”

Na ce mata ilimin ya fi haka zurfi. Na kawo mata misali da murhun ƙarfen nan mai cin itace kaɗan da wasu suka raba wa matan unguwa kyauta, suka ɗauki hotonsu da lambar waya. Na ce ai wannan ma takardar kabon ce, itacen da ba ta ƙona ba wani kamfani ya saya. Ta ce madalla, murhun yana da daɗin dafa ruwan shayi. Tuwon gidan mutum goma sha kuwa yana nan a kan duwatsunsa uku, domin tukunyar ba ta zama a kan na ƙarfen. Wato an ba ta murhu don ta rage wuta, ta samu wuta biyu. Ba ita kaɗai ba ce kuma. Wasu masu bincike na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley sun fitar da nazari a 2024 da ya nuna takardun da ake fitarwa a kan irin waɗannan murahu sun ninka abin da ya kamata kusan sau 9, kuma haɗa sabon murhu da tsoho yana cikin dalilan. A daren dai ban san da wannan ba, sai na ce mata mata ba su san harkar ƙasa da ƙasa ba, na kuma ari tef ɗin ɗinkinta.

Matashin ya ce ana auna kaurin bishiya ne a daidai ƙirji, mita 1.3 daga ƙasa, daga nan a ƙiyasta nauyinta. Rabin busasshen itace kabon ne, kuma kowane kilo na kabon in ya ƙone yana komawa kilo 3.67 na iskar. Na isa gona da hantsi, da babbar riga, da littafin makarantar ɗana. Tef ɗin tela an yi shi ne don ƙugun mutane, saboda haka kowace bishiya sai na rungume ta, in dafe da yatsa, in zagaya, in sake rungumarta. Yara masu kiwo suka bar awaki suka zo kallo. Wani tsoho da ke wucewa a kan keke ya tsaya ya gaishe ni, ya ce, “Sannu da aiki, ɗan birni. Lafiya dai ko?” Na ce lafiya lau, bincike ne. Ya jinjina kai, ya yi gaba. Tururuwan jikin gawo kuwa suka gudanar da nasu binciken a cikin rigata.

Na kai wa matashin littafin a ofishinsa. Da sola ya fara, kuma bai ɓata lokaci ba. Farantaina na kilowat 2 ne. Ya ce in rana ta yi kirki, ƙurar hunturu ba ta lulluɓe su ba, za su ba da takarda uku ko makamancin haka a shekara, kuɗinsu duka ba zai sayi buhun fulawa ba, kuma sai na sa mita ta musamman na yi rajista. Na ce a bar wannan, dama ƙari ne. Mu je ga bishiyoyi.

“Alhaji, wa ya dasa su?”

Na ji daɗin Alhajin, na ɗauke shi a matsayin bushara. Na ce, “Darbejiyar kakanmu ne. Sauran kuwa Allah ne ya fito da su, kakanmu ya bar su.”

“Akwai mai shirin sare su?”

“A'uzubillahi! Wa ya isa? Ko reshe ka karya sai Baffa ya ji.”

Ya rufe littafin a hankali ya turo mini. “To ba ka da abin sayarwa.”

Nan ya faɗa mini ƙa'idar da duk kasuwar ke tsaye a kanta. Ba a biyan mutum don yana da bishiya. Ana biyansa ne a kan bambancin da ke tsakanin abin da ya faru da abin da zai faru da ba a biya shi ba. In bishiyar za ta tsaya ko da kuɗi ko babu, to kuɗin bai sayi komai ba, hayaƙin jirgin can kuma yana nan a sama. A hankalce maganar daidai take, ban musa ba. Amma ka dubi inda ta kai mu. Manoman Maraɗi da Damagaram, tun daga shekarun 1980, suka riƙa barin tohon itatuwa a gonakinsu suna gyara shi suna reno, abin da suke kira sassaben zamani, har aka ƙiyasta bishiya kusan miliyan 200 a fili mai faɗin hekta miliyan 5. Sun yi ne don gero da harawa da itacen girki. A ma'aunin wannan kasuwa, tunda sun riga sun yi ba tare da an biya su ba, aikin da ya wuce ya tafi a ladan Allah. Wanda ya wasa gatari ya tsaya a gindin bishiya yana jiran waya, shi ne mai haja.

Na ce, “To in da akwai mai shirin sarewa fa?”

Ya ce, “Sai ka kawo hujja.”

Ya buɗe baki zai ƙara wani abu, amma na riga na kai ƙofa. Wa ya fi mai gidan burodi cancantar a zarge shi da niyyar sare bishiya? Tanderuna ba ya cin komai sai itace. Barazanar tana cikin gida, ni ce da kaina, abin da ya rage kawai a rubuta.

Na ɗauki dillalin itacen da nake saye a wurinsa, muka tafi gonar a kan babur. Na ce masa takarda kawai nake so, ya rubuta nawa zai saya in da zan sayar. Ya yi murmushin wanda ya saba da masu jin kunyar sayar da gado, ya ce, “Haba maigida, ai kowa da haka yake farawa.” Ya zagaya gawo yana ƙwanƙwasawa yana sa albarka. Tsamiya ya ce gawayinta ba shi da na biyu, sai dai zai rage wani abu saboda ba a taɓa tsohuwar tsamiya sai an nemi malami ya sallami masu ita. Kuka kuwa ko kallo ba ta ishe shi ba, ya ce cikinta duk ruwa ne da zare, ba ta ci da wuta, ko kyauta ba ya so. Yaronsa ya rubuta jimla, shi ya dangwala yatsa. Na naɗe takardar na sa a aljihu ina jin kaina cikakken ɗan kasuwar duniya.

Abin da ban sa a lissafi ba shi ne ranar kasuwa. Tsohon nan mai keke ya ga ana awo, masu kiwo sun ga dillali, dillali kuma ya riga ya fara neman masu faskare da motar ɗauka. Kafin Juma'a saƙo ya iso: Baffa yana nemana, kuma kada in aiko, in zo.

Na tarar da zauren Baffa cike. Ga Liman, ga mai unguwa, ga 'ya'yan baffanni da ban gani ba tun wani suna, ga Gwaggo a bakin ƙofar cikin gida, ta ja mayafi, kuma ita ta fara.

“Ɗan nan, ɗorawar? Ɗorawar da nake tsintar kalwarta in yi daddawa tun kafin uwarka ta san ubanka? Da ita na yi wa 'ya'yana kayan ɗaki. Ita za ka tura a wuta ka gasa wannan burodin naka da ba ya ƙosar da kowa?”

Baffa ya ɗaga mata hannu. Shi ba ya faɗa, wannan ne ma abin tsoron. Ya tambaye ni ko na san dalilin da ya sa kakanmu ya bar gawo a tsakiyar gona. Ya ce gawo ne kaɗai ke zubar da ganye da damina, ya bar wa gero rana, ganyen ya zama taki, da rani kuma ya yi inuwa ya zubo wa dabbobi 'ya'ya. Ya ce in je in duba zangarniyar da ke gindinsa in gwada da ta nesa. Duk wannan na sani, amma ba a ce wa Baffa an sani.

Na gyara durƙuso na ce, “Baffa, Allah ya huci zuciyarka. Wallahi ba sarewa zan yi ba. So nake Turawa su ɗauka zan sare, su biya mu in fasa.”

Zauren ya yi tsit. Can Baffa ya ce, “Wato ƙarya za ka yi musu.”

“Ba ƙarya ba ce, Baffa. Hasashe ake ce masa.”

“To zaɓi ɗaya, don mu san abin da za mu gaya wa mutanen gari. Kai mai sayar da gadon ubanka ne, ko maƙaryaci?”

Ina neman ta uku, Liman ya gyara murya ya ce shi a iya karatunsa malaman fiƙihu sun hana sayar da tsuntsu yana sama da kifi yana ruwa, saboda mai saye bai san abin da ya saya ba. Ya ce tsuntsun ma ana ganinsa. Yana son in yi masa bayanin hayaƙin da bai tashi ba, daga wutar da ba a kunna ba, ta itacen da ba a sare ba.

A nan zan ɗan kare kaina, tunda a zauren ba a ba ni dama ba. A watan Janairun 2023 jaridar Guardian ta Ingila da Die Zeit ta Jamus da ƙungiyar 'yan jarida ta SourceMaterial sun wallafa binciken da ya ce fiye da kashi 90 cikin 100 na takardun kare manyan dazuzzuka da Verra ta amince da su, wato babbar mai tantance irin waɗannan takardu a duniya, da alama ba su rage hayaƙin da aka ce sun rage ba. Babban dalilin shi ne an zuzuta barazanar da dazuzzukan ke ciki. Verra ta musanta, ta ce hanyar lissafin masu binciken ce ba daidai ba. Ko ma wa ke da gaskiya, sana'ar ɗaya ce da tawa: a ƙiyasta ɓarnar da za a yi, a karɓi ladan fasa ta. Su suna yi da tauraron ɗan'adam ana kiransu ƙwararru. Ni na yi da tef ɗin tela, Gwaggo ta kira ni abin da ba zan rubuta a mujalla ba.

Mai unguwa ya nemi a ga takardar dillalin, aka karanta jimlar da ƙarfi don kowa ya ji girman abin kunyar. Na lura wani ɗan baffana, wanda aka sa masa rana kuma lefe ya tsaya masa a wuya, ya nemi a maimaita lambar. Aka yanke hukunci cewa ba zan ƙara taka gonar ba sai da ɗan rakiya, aka karɓe tef ɗin a matsayin shaida, aka yi fatiha.

Ba a yi nisa ba ango ya je wa Baffa da maganar rabon gado. Ya ce shi bai taɓa sanin itatuwan nan kuɗi ba ne sai da yayansa na birni ya buɗe masa ido, Allah ya saka masa da alheri. A ba shi kasonsa, ko da gawo biyu da tsamiyar ne, ya riga ya yi magana da dillali.

Da na ji, sai na ga abin nema ya samu. Na kira matashin a waya ina haki, na ce barazana ta tabbata, ta gaske, da ango da dillali da ranar biki. Ya tambaye ni hekta nawa ce gonar. Na faɗa. Ya yi shiru, sannan ya ce ayyukan da ke shiga kasuwar nan ana maganar dubban hektoci ne, domin kuɗin masu rubuta aikin da masu zuwa tantancewa kaɗai dubun-dubatar daloli ne kafin a sayar da takarda ko ɗaya. Ya ce sai an ga takardar mallakar fili, ni kuwa gonar da ko shiga ba na yi sai da rakiya. Ya ce sai an ɗauki alkawarin bishiyoyin za su tsaya shekara 30 ko 40, kuma za a riƙe wani kaso na takardun saboda gobara ko fari. Sannan ya ce, “Alhaji, in ba ka sare na gonarku ba, da me za ka gasa burodi?”

Na ce da wanda motoci ke kawowa daga daji, kamar kullum.

Ya ce to sarar ba ta fasu ba, ƙaura ta yi, kuma ana cire wannan daga lissafi. Ya tambayi motar itace nawa tanderuna ke ci a wata, da litar man gas nawa injin kwaɓi ke sha. Ya ce kowane tan na busasshen itace yana sakin kusan tan 1.8 na iskar, kowace litar man gas kuma kusan kilo 2.7. Na ji ƙarar kalkuleta daga can ɓangaren, na san yadda take daɗi in kai ne ke bugawa. Ya ce, “A wannan kasuwa kai mai saye ne, Alhaji. In kana so ka rubuta a ledar burodinka cewa ba ka gurɓata muhalli, ina da takardu masu sauƙi, zan yi maka ragi.”

Baffa ne ya warware maganar ango. Ya ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Tunda ni na kawo dillali, ni zan biya ango kuɗin gawo biyu da tsamiya bisa farashin da ke cikin takardata, kashi-kashi duk wata, bishiyoyin kuma su tsaya inda suke. Ga shi nan ina biya. Na roƙi Baffa ko rasit a riƙa ba ni, mai ɗauke da adadin tan, don wata rana, sai ya fara laluben sandarsa. Uwargida kuma ta sa kuɗin sabon tef a cikin cefane.

Kwanan baya wani ɗan baffan nawa daban ya kira ni. Bayan doguwar gaisuwa ya ce abubuwa sun yi masa tsauri, kuma ya daɗe yana tunanin sare kukar nan, sai dai ya ga ya kamata ya fara sanar da ni, ko ina da abin cewa.

Na ce masa ya kawo hujja.